WATA KE ZAZZAƁI, MU KE SHAN MAGANI

Tsokacina na yau a kan wani saƙon murya ne, irin wanda ake turawa a waya, wanda ya zaga gidajen unguwarmu kwana biyu kafin husufin watan da aka yi ranar Lahadi 7 ga Satumba 2025, a tsakiyar watan Maulidi. Ni dai sau huɗu aka turo mini shi, har da wata ƙawata da rabona da jin muryarta tun bikin ƙanwarta. Ban san mai maganar ba, kuma ba da shi nake ba, da maganarsa nake, don na tabbata idan wani husufin ya zo za ta sake dawowa, ko da a bakin wani ne.

A gaskiya mutumin ya iya magana. Ya buɗe da salati, ya jawo Larabci, ya sassauta murya kamar mai yi wa 'yarsa nasiha daren kai ta ɗaki. Daga nan sai ya shiga zuba. Wai mai juna biyu kada ta kuskura ta fito tsakar gida, kada ta ɗaga kai sama, kada ta taɓa wuƙa ko allura ko almakashi, in ba haka ba ɗan zai zo da tabo. Wai abincin da husufi ya riska a tukunya a zubar. Wai wannan karon zai faɗo ne a burujin Hutu, wato kifi, don haka duk macen da tauraronta na ruwa ne aurenta zai girgiza, ko kishiya ko takarda. Wai kuma ba komai ke jawo husufi ba illa saɓon da mata suka yawaita. Can ƙarshe sai ga lambar waya: a turo suna da sunan mahaifiya, da ɗan abin sadaka, a duba wa mutum.

To 'yar'uwa, ki saurari saƙon nan da kunnen basira, za ki ji ba zare ɗaya ba ne. Tsumma ne aka harhaɗa daga buhu daban-daban, aka yi masa dajiya da salati. Batun wuƙa da allura da zubar da abinci sanannen camfi ne a ƙasar Indiya, inda wasunsu suka yarda cewa wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye watan. Mu da muka tashi da finafinansu, yanzu ga su nan da fassarar Hausa har ƙuryar ɗaki, ba abin mamaki ba ne in ba rawa da waƙa kaɗai muka aro ba. Batun Hutu kuwa daga 'yan duban taurarin Turawa aka kwaso shi, kuma abin dariyar, masu hangen sama da na'ura sun ga watan a daren nan a cikin taurarin Dalwu yake, ba na Hutu ba. Suna da sunan uwa, wannan kam namu ne na gida, tsohon hannun masu bugun ƙasa.

Shi husufin wata mene ne? Mu Hausawa mukan ce wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata. Muna yara a garinmu, da an ga ya fara dusashewa sai mu kwashi gwangwanaye da tsofaffin kwanuka mu bi layi muna kaɗawa, muna roƙon rana ta yi haƙuri ta sake shi, don an gaya mana hanyarta ya bi suka yi karo. Ba gaskiya ba ne, na sani. Amma har yau ina jin tausayin wannan wasa, domin bai ɗora wa kowa laifi ba, bai kuma karɓi kwabon kowa ba.

Gaskiyar lamarin ba ta da wuya, kina iya gwada ta a ɗakinki yau da dare. Ki kashe fitila, ki kunna tocila, ki riƙe lemo a gabanta, sa'annan ki sa goro a bayan lemon. Tocila ita ce rana, lemo duniyarmu, goro shi ne wata. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro, to idan duniya ta shiga tsakaninsu sosai, inuwarta sai ta faɗa kansa. Shi ke nan. Shi ya sa ba za ki taɓa ganin husufin wata a farkon wata ko ƙarshensa ba, sai a tsakiya, lokacin da ya cika. Abin da ya hana a yi shi kowane wata kuwa, hanyar da watan ke bi ta ɗan karkace, yawanci sai ya wuce ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Jan nan da ya tsorata mutane, har ake cewa watan jini, hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke lulluɓe da duniya ya lanƙwaso kansa, irin jan da kike gani kullum a yamma in rana za ta faɗi. Wa ya taɓa ɓoye wuƙa don almuru ya yi ja? Kuma kallonsa da ido ba ya cutar da kowa. Na rana shi ne ba a zuba wa ido, mai ciki da marar ciki, mace da namiji, don yana iya lalata gani.

A wannan dare na Lahadi sai da watan ya yi minti 82 a rufe ruf. Na ranar 27 ga Yuli 2018 ya fi shi daɗewa, sa'a ɗaya da minti 43. Duk an san lokacinsu tun kafin a haifi yawancinmu, kamar yadda aka riga aka rubuta cewa akwai wani ranar 31 ga Disamba 2028. Tun mutanen Babila na dā suka gano cewa husufi kan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11. To don Allah, abin da aka san ranarsa da mintinsa tun kafin a haifi yarinya, ta yaya gyalenta zai zama shi ya jawo shi?

Wannan sanin lokaci shi ne jarin mai damfara. A shekarar 1504 wani Bature matuƙin jirgin ruwa, Kolombos, ya maƙale a tsibirin Jamaika. Mutanen wurin suka gaji da halin yaransa suka daina kawo musu abinci. Shi kuwa yana da littafin lissafin taurari, ya ga za a yi husufi ranar 29 ga Fabrairu. Sai ya tara manyansu ya ce Ubangijinsa ya yi fushi da su, alamar kuwa za su ga wata ya yi ja. Wata ya yi ja, bayin Allah suka ruɗe, abinci ya dawo. Yau kuma kalandar tana cikin wayar kowa, amma dabarar ba ta sake ba: ni na san ranar, ke ba ki sani ba, kawo abin hannunki.

Kada wata ta ce to ai ke kin mai da abin ba komai ba, inuwa ce kawai. A'a, ban faɗa ba. Sanin lokacin abu ba ya cire masa girma. Mun san mintin da rana za ta faɗi gobe, wannan bai hana Magariba zama wajibi ba. Alƙur'ani da kansa, a Suratur Rahman, ya sanar da mu tafiyar rana da wata a kan lissafi take. Husufi aya ce, kuma an so zuciya ta kaɗu in ta gan shi, ta tuna ranar da hasken zai tafi bai dawo ba. Inda na saɓa da mai saƙon shi ne inda ya karkata tsoron. Maimakon ki ji tsoron Allah, ya sa kina tsoron wata, kina tsoron allura, kina tsoron kishiyar da ba a ma fara nema ba.

Akwai labarin da ya isa ya kashe wannan magana, kuma na yi mamaki da bai zo ko sau ɗaya a cikin dogon saƙon ba. A shekara ta 10 bayan Hijira, Ibrahim ɗan Manzon Allah (S.A.W.), wanda Mariya ta haifa masa, ya rasu bai cika shekara biyu ba. Annabi ya zubar da hawaye. A ranar kuma sai rana ta kisfe a Madina. Mutane suka ce ai don rasuwar Ibrahim ne. Ki tsaya ki duba wannan wuri da kyau, 'yar'uwa. Uba ne a cikin zafin rashin ɗa, ga jama'a sun kawo masa fassarar da za ta ƙara masa girma a idon duniya, shiru kawai zai yi ta zauna. Bai yi shirun ba. Ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su kisfe, ya kuma umarce su da salla da addu'a da kabbara da sadaka. To idan sama ba ta yi duhu don ɗan Fiyayyen Halitta ba, sai don auren wance da ke bayan masallaci?

Mata ma suna cikin wannan salla. Nana Asma'u 'yar Abubakar ta ba da labarin yadda ta tarar da ƙanwarta Nana A'isha a tsaye, ita ma ta bi, tsayuwar ta yi tsawo har jiri ya fara ɗibarta tana zuba wa kanta ruwa. Ba a ce su shige ɗaki su rufe taga ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, sallar husufin wata ba ta buƙatar jam'i, kowa a gidansa yake yi, raka'a biyu-biyu kamar sauran nafila, har ya washe. Wasu mazhabobin suna yin ta a masallaci. Kin ga ke da ke cikin gida ba a bar ki a baya ba, dardumarki ta ishe ki. Wadda ba ta salla ga istigfari, ga sadaka ko da ƙosai ne. Ba lambar waya a ciki. An kuma ruwaito a hadisi ingantacce cewa mai zuwa wurin ɗan duba ya tambaye shi yana asarar karɓuwar sallarsa ta kwana arba'in. Malamanmu na ƙasar nan ma ba su yi shiru ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, sai da ya yi rubutu na musamman yana jan kunnen jama'a su guji masu rufa-ido da masu duban taurari.

Sai batun zunubin mata. Ni ban ce ba mu da laifi ba, wa ya isa? Amma tsawon saƙon nan ban ji mai tauye mudu ba, ban ji mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada ba, ban ji wanda ya saki mace da goyo ya hana ta abinci ba. Nuna yatsa irin wannan ba wasa ba ne. A watan Janairu 2001, da aka yi husufin wata, matasa a Maiduguri suka fito suka cinna wa otal-otal da gidajen giya wuta, wai masu saɓo ne suka jawo. Dare ne da aka ce kowa ya duba kansa, sai aka fita neman na wani.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne amaryar maƙwabtanmu, yarinya ƙarama, cikin fari. A daren nan a Kano watan da jansa ya fito, daidai Magariba. Ita kuma ta fito tsakar gida alwala, ta ɗaga kai, ta gan shi. Shi ke nan hankalinta ya tashi. Washegari ta shigo wurina ido ya kumbura.

"Anti, wallahi ba da gangan na kalla ba."

Na zaunar da ita, na ɗauko tocila da lemo da goro, na yi mata duk bayanin nan. Ta ce ta gane, amma na san ba ta bar abin ba, don daga baya na ji sai da ta tura kuɗin da take tarawa na kayan jariri zuwa waccan lamba, aka ce an karya abin. Ta rame, abinci sai an yi da gaske.

Allah ya sauke ta lafiya, namiji, ƙato da shi, sai dai da ɗan baƙin tabo a bayan kunne, irin wanda muke kira tawadar Allah. Ranar suna ɗaki ya cika, uwar mijin ta karɓi yaron ta juya shi, ta ce a gaban kowa:

"Ai dama an faɗa. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ni na buɗe baki ke nan, sai wata tsohuwa da ke gefe tana ɓare goro, yayar uban mijin ce, ta miƙo hannu.

"Ba ni shi nan." Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta daɗe tana dubawa. "Yo ai ubansa ma da ita ya zo, a nan daidai, ni na yi masa wankan farko. Hajiya, ke ma watan kika kalla?"

Ɗaki ya ɗauki shewa. Hajiya ta ce a miƙo mata butarta, ta fita. Tsohuwar ta ɗora wa mai jego ɗanta a cinya, ta jawo kwanon kunun kanwa ta tura mata gaba, ta ce maza ta shanye tun bai huce ba.