Zalika Sule da Ingarman Yennenga

A shekarar 1972 aka yi taron sinima na Afirka a Wagadugu, babban birnin ƙasar da ake kira Burkina Faso yau. An soma wannan taro, wato FESPACO, tun 1969, amma sai a wannan shekara aka fara ba da babbar kyautarsa, Ingarman Yennenga. Wanda ya fara karɓar ta mutumin Nijar ne, Umaru Ganda, saboda fim ɗinsa mai suna Le Wazzou polygame. Masu son sinima sun riƙe wannan labari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ta ƙare da matar da ta ɗauki wuri mafi wuya a cikin fim ɗin.

Labarin fim ɗin gajere ne, an kuwa yi shi da harshen Zabarmanci. Wani attajiri ya komo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Dukiya ta rinjayi alkawari. Garba ya bar ƙauye ya tafi birni da baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu, Gaika, ta ƙi yarda da zuwan kishiya, ta ƙudura za ta kashe amarya da dare. Cikin duhu ta yi kuskure, ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayen amarya.

A nan ne gwanintar Ganda take. Da amarya ce ta mutu, da mai kallo ya ce kishi ne ya yi aikinsa, ya tashi ya tafi gida. Amma wadda ta mutu ba ta da hannu cikin maganar ko kaɗan, rakiya kawai ta zo. Dole mai kallo ya koma baya yana ƙirga masu laifi. Akwai mai kuɗin da ya ɗauka kome na sayarwa ne, akwai waɗanda suka karya alkawari, akwai mutanen gari da suka gani suka yi shiru, kana a zo kan Gaika. Kalmar wazzou ita ce wa'azi, duk da haka fim ɗin ya bar abin da ya faru ya yi wa'azin da kansa. Wanda ya kalle shi don ya yi wa addinin maƙwabcinsa dariya bai fahimce shi ba, gama riya da son zuciya suna shiga kowane gida.

Ganda ya san rayuwa kafin ya san na'urar ɗaukar hoto. An haife shi a Yamai a 1935, ya yi sojan Faransa a yaƙin Indocin, daga baya ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan. Can ya gamu da Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya sa shi cikin fim ɗin Moi, un noir a 1958. Fim ɗinsa Cabascabo, labarin sojan da ya komo gida abokai suka cinye kuɗinsa, an nuna shi a taron Kan na Faransa a 1969. Ya rasu a 1981. Yau akwai kyauta da sunansa a FESPACO, akwai kuma gidan al'adu da sunansa a Yamai, inda mawaƙa da makaɗa suke wasa gaban jama'a. Ya cancanci wannan daraja duka.

Gaika kuwa Zalika Sule ce ta fito a matsayinta. An haife ta a 1947, ta soma wasa a 1966 cikin Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan, labarin samarin da suka sa tufafin kaboyi suka dami garinsu. Ta fito cikin Cabascabo kuma. Sau da yawa ana ba ta wurin karuwa, ko mazinaciya, ko mai kisa, domin ta iya. Iyawar nan ce ta jawo mata wahala. Mutane da yawa ba su raba ƴar wasa da matar da take kwaikwayo ba, suka riƙa duban ta kamar ita ce ta aikata abin da suka gani a bango.

A 2004 Rahmatu Keita ta fito da fim a kan rayuwarta, mai suna Al'lèèssi. A ciki an ga matar da sunanta ya kai ƙasashe tana zaune da ƴaƴanta cikin ɗakuna biyu a Yamai, babu ruwan famfo. Daga baya ta tafi ƙasar waje tana aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a 2021. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu magana, sai dai a nan ba Ganda ne gardin ba. Ƙasa ce ta karɓi yabon, ta bar ƴar wasan da zagin.

Mai karatu zai gane wannan daga abin da ya saba gani. A wasan Ista dole wani ya zama Yahuza, kuma in bai yi shi da kyau ba, wasan duka ya lalace. Ba wanda yake hana shi shiga sujada washegari. Haka yake ga sinima da talabijin. Mugun da ya sa ran mai kallo ya ɓaci, aikinsa ya yi, kuma sau da yawa ya fi na mai halin kirki wuya. Ba don Gaika ta tsorata mutane ba, da wuya alƙalan Wagadugu su ga nauyin labarin.

Kowa yana da ra'ayi a kan fim, a bakin kasuwa ko a gindin bishiya, ba laifi ba ne. Amma ra'ayin da ake yarwa ba tunani yakan sauka a kan mutum mai rai, mai iyali, mai suna a unguwa. Kyauta takan nuna fim ɗin da alƙalai suka zaɓa a shekara guda, ba ta biyan kuɗin haya, ba ta wanke sunan kowa. Wannan aikin masu kallo ne. Duk wanda ya sami zarafin ganin Le Wazzou polygame, bari ya dubi Gaika da kyau, ya ƙi abin da ta yi, ya kuma girmama matar da ta yarda ta ɗauki wannan kaya domin a faɗi gaskiya.