Abin da Harafi Yake Kamawa, da Abin da Yake Saki

Littafin George Boole na 1854 kan dokokin tunani ya shimfiɗa hanyar auna zance da haruffa, kuma darasin manɗiƙi na amfana da ita. A ɗauki wannan hujja: in ruwan sama ya sauka, albasa za ta tsiro, ta tsiro, ashe ruwa ya sauka. Da an rubuta "in P, to Q, Q, saboda haka P", sai ɓaraka ta fito fili, domin albasar Galmi da ban-ruwa ake nomanta a rani. Sai dai haruffan kurame ne ga kalmar "amma". "Talaka ne kuma amintacce" da "talaka ne amma amintacce" alama guda suke samu, alhali jimla ta biyu ta riga ta tuhumi talakawa baki ɗaya.