Jinjina ga masu haɗa layi a bayan fage

Maniyyaci daga Gwaram ya sauka a Jidda, ya kunna waya, layinsa na gida ya kama sabis ɗin Saudiyya, ya kira iyalinsa. Wannan aikin wasu injiniyoyi ne da ba a san fuskarsu ba.

Kafin layi ya yi aiki a ƙasar waje, sai kamfanin layin na gida da na ƙasar wajen sun ƙulla yarjejeniya. Kowane yana zuba bayanan na'urorinsa a rumbun bai ɗaya na ƙungiyar kamfanonin waya ta GSMA, cikin takardar da ake kira IR.21. Daga nan injiniyoyi su yi musayar katin sim, su gwada kira da saƙo da intanet, ma'aikatan lissafi kuma su daidaita kuɗin kowane minti. Lamba ɗaya ta kuskure, kiran ya faɗi.

A cikin gida ma, a 2025 hukumar NCC ta amince masu layin 9mobile su hau sabis ɗin MTN. Ɗan kasuwar Birnin Kudu da direban hanyar Kano zuwa Maiduguri suna cikin masu cin moriya.