Kyamara Na Riga Alƙali Yanke Hukunci

Duk wanda ke leƙa shagunan masu tura finafinai a waya a Jega ko Aliero, ko yake zama a majalisar samarin Kimba bayan sallar isha'i, ya san kayan da ke ci yanzu. Bayan na soyayya, sai finafinai masu dogon zango na 'yan daba da 'yan sanda da masu kisan kai, na gida da na waje. In ka tambayi yaro abin da ya burge shi, da wuya ya kawo maka labarin. Cewa zai yi, "Kai, ka ga ɗaukar nan kuwa?" To, wannan ɗaukar nake so mu tattauna a wannan watan, domin a ganina a cikinta ne fim yake tona ainihin ra'ayinsa, ko me 'yan wasa suka faɗa da baki.

Mu fara da tsofaffin hannu. Columbo na Amurka, wanda aka soma nunawa a jere a 1971, yakan nuna maka mai kisan tun a farko. Babu duhu, babu guje-guje. Gidajen attajiran Los Angeles ne fes, sai ga Peter Falk ya shigo da yamutsattsiyar kwat da tsohuwar Fijo, kamar wanda ya ɓata hanya. Daɗin kallon shi ne ganin yadda mai tsumma zai durƙusar da mai alkyabba. Derrick na Jamus, da ya yi kashi 281 daga 1974 zuwa 1998, ya ma fi shi sanyi: ɗaki, kujeru, tambaya, shiru. Kyamara takan daɗe a fuskar wanda ake zargi har sai ka ga ƙarya tana yi masa nauyi. A duka biyun, hoton na mai bincike ne, kuma haƙuri ne jarumtaka.

Shekarun 2000 suka zo da wani salo. CSI, daga 2000 zuwa 2015, ya rina komai da shuɗi da kore, kyamara na bin harsashi har cikin naman mutum. Gwanin fim ɗin na'ura ce, har lauyoyi a Amurka suka riƙa kukan cewa masu taya alƙali yanke hukunci sun koma jiran irin hujjar da suke gani a talbijin. Shi kuwa 24, da ya fito a 2001 ya kuma cika kasuwanninmu a faifan DVD, sai ya tsaga fuskar talbijin gida uku ko huɗu, ga agogo na bugawa a tsakiya. Ba ka da sukunin yin tunani. In Jack Bauer ya gana wa mutum azaba don ya yi magana, agogon nan ya riga ya sa ka yarda cewa babu wata hanya. Abin ya kai a 2006 wani janar daga makarantar hafsoshin sojan Amurka ta West Point ya je ya roƙi masu shirin su sassauta, saboda yana gurɓata tunanin ɗalibansa. Mai karatu ka ga ƙarfin salo ke nan.

Wanda ya bambanta da su duka shi ne The Wire, kashi 60 daga 2002 zuwa 2008, na David Simon, tsohon ɗan jaridar da ya yi shekaru yana bin labaran laifuka a birnin Baltimore. A tsakiyar labari da ƙyar ka ji kiɗa, sai dai wanda ke tashi daga rediyon mota ko shago. Kyamara na tsaye daidai tsayin mutum, tana kallon ɗan sanda da dillalin ƙwaya da ido ɗaya. In aka harbe yaro, faɗuwa kawai yake yi a bakin kwata, a bar ka da shirun. Ba na jin akwai wanda ya gama kallonsa ya yi sha'awar sana'ar.

To mu dawo gida. Kwana Casa'in na tashar Arewa24, da aka fara a 2019, ya ɗauki laifin manya: satar dukiyar jama'a, sayen ƙuri'a, ɗaukar nauyin 'yan jagaliya a garin Alfawa. Hotonsa a natse yake, ofisoshi da falo masu haske, kuma hakan ya dace, domin irin su Bawa Maikada na Sani Mu'azu da rana tsaka suke ɓarnarsu, cikin babbar riga. A ɗaya ɓangaren ga finafinan daba na YouTube irin su A Duniya. Maganar gaskiya, sun kawo abin da muka daɗe muna nema. Sun fitar da kyamara daga falon alhaji, sun shiga lungu da kango, kuma yaren titi ya zauna a bakin 'yan wasan. Daddy Hikima ya iya rol ɗinsa har sunan Abale ya bi shi.

Amma a duba yadda akasarin finafinan wannan layi ke ɗaukar ɗan daba. Daga ƙasa ake ɗaukarsa, ya cika fuskar waya kamar kuka. A rage saurin hoton idan zai shigo, a sa masa kiɗa nasa na kansa, hayaƙi na tashi, wuƙa na walƙiya, yara na biye. Wanda aka ƙwace wa waya kuwa, daga nesa za ka hango shi, daƙiƙa biyu an wuce. A kashi na ƙarshe sai a kama ogan, wani dattijo ya yi wa'azin minti biyar, furodusa ya ce ai faɗakarwa ce. Haba jama'a! Kashi talatin kana naɗa wa mutum rawani da kyamara, sannan ka ce za ka tuɓe shi da baki? Gani ai ya kori ji.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hango matsalar. A Satumbar 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, aka sake hana masu nuna daba. Na fahimci damuwarsu, sai dai ban ga alamar an kama bakin zaren ba. The Wire ya nuna ƙwaya da kisa fiye da duk abin da aka taɓa ɗauka a Kano, bai kuma yi wa laifi kwalliya ba. Tambayar da ya kamata mai tacewa ya yi ita ce: a bayan wa kyamarar nan take tsaye?

Mu nan Kebbi mun san amsar da muke so. A Yunin 2021 aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Wanda ya ga idon iyayen da suka yi wannan jira ba zai ga wuƙa na walƙiya a fim ya yi tafi ba. Labarin da ba a ɗauka ba tukuna shi ne na mai jira: matar da ke duba waya har asuba, manomin da ya sayar da shanun huɗa don haɗa kuɗin fansa, ɗan kasuwar da ya sayar da albasarsa ta Aliero yana lissafin ko zai isa gida kafin magariba.

Kuma ba sai an aro shuɗin fitilar Las Vegas ba. Muna da hazon hunturu da ke haɗiye mutum a taku ashirin. Muna da fadamar Gulbin Zamfara a Jega da almuru, da hasken tocila a hannun ɗan sintiri, da duhun da ke rufe gari idan janareta ya mutu. Daraktan da ya iya kallon waɗannan ya samu salon da babu mai shi a duniya, kuma bai kashe ko sisi ba.

Shawarata ga daraktocinmu ita ce, kafin a ce "akshin", a tsaya a tambayi kai: wa na ba haske, wa na bari a duhu? A ɗaga kyamarar nan daga ƙafar ɗan daba, a kai ta fuskar uwar yaron da ya sara, a bar ta can ko da minti ɗaya ne, ba kiɗa. In an yi haka, ba sai an ɗauko dattijo ya yi wa'azi a ƙarshe ba.