3.4 Jigon Ɓacin Rai a Tazyin al-Waraƙat: Haƙuri ko Tawaye?

A sashen da ya gabata an duba jigon yabo da na marsiyya a cikin Tazyin al-Waraƙat, wato littafin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a ciki a shekarar 1813, wanda Hiskett (1963) ya tace kuma ya fassara zuwa Ingilishi. A wannan sashe kuwa za a mayar da hankali ga jigon ɓacin rai. Abin da ake nufi da ɓacin rai a nan shi ne halin da mutum kan shiga idan al'amarin mulki ya bi hanyar da bai so ba, alhali yana ganin shi ke da gaskiya, har ya tsaya yana shawara da zuciyarsa ko ya haɗiye, ko ya faɗa, ko kuwa ya zare takobi. Ko da yake da Larabci aka yi waƙoƙin, an kawo su cikin wannan nazari ne saboda rubutacciyar waƙar Hausa ta wa'azi daga wannan tsatso ta gaji yawancin jigoginta da ma'aunanta.

Kafin a shiga waƙar da ta fi ɗaukar wannan jigo, ya kamata a san yanayin da ya haife ta. A shekarar 1804 aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada. A 1805 Abdullahi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi ta yau, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya bar garin. Cikin wannan shekara jama'ar Shehu ta koma Gwandu, aka kuma gwabza a Alwasa, inda jama'ar ta sha kashi ƙwarai. Ke nan cikin shekara biyu da yawa daga waɗanda suka fara tafiyar don neman gyara addini sun kwanta dama, aka bar runduna cike da sababbin shiga. A 1807 Abdullahi ya bar rundunar, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

Waƙar da ya yi game da wannan tafiya tana da amsa-amon harafin "ba". Idan aka warware jigonta za a ga marubucin ya fara ne da kukan rashin abokai, sannan ya juya ga waɗanda aka bar shi da su, yana zayyana halayensu ɗaya bayan ɗaya: son mulki da muƙami, tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado, hawan dawaki don kilisa cikin gari maimakon fagen fama, cin rashawa da dukiyar ganima, da sakaci da masallatai da makarantu. Ƙarfin waƙar yana cikin wannan jeri. Marubucin bai tsaya ga cewa mutane sun lalace ba, abin da kowane mai wa'azi kan faɗa. Ya kawo abubuwan da ido ke gani, kamar riga da doki da ganga, ta yadda mai sauraro zai iya waiwayawa ya gane maƙwabcinsa a ciki.

Sai dai akwai abin lura, wato bai ambaci sunan kowa ba. Ana iya kallon wannan a matsayin rauni, domin sukar da ba ta da mai ita kowa kan ce ba da shi ake ba. Amma idan aka tuna cewa mai maganar shi ne wazirin Shehu kuma ƙaninsa, za a ga cewa kama suna daidai yake da raba kan jama'a a lokacin da Alƙalawa ba ta faɗi ba tukuna, don sai a 1808 aka ci ta. Saboda haka ya zaɓi zambon da ya haɗa kowa, ya kuma ƙara masa nauyi da tafiyarsa. Mutumin da ya ci Birnin Kabi ya ajiye runduna ya kama hanya, wannan kansa magana ce, kuma ta fi baitocin zafi.

A nan ne wannan nazari ya saɓa wa fahimtar da ta ɗauki Abdullahi a matsayin misalin haƙuri kawai. Mai haƙuri irin wanda Bahaushe ke nufi idan ya ce mahaƙurci mawadaci, shiru yake yi ya bar wa Allah. Abdullahi bai yi shiru ba. Da ya isa Kano a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen garin suka tsayar da shi suka roƙi ya koya musu yadda za su gudanar da mulki bisa shari'a, sai ya rubuta musu Diya' al-Hukkam, ya kuma yi musu tafsiri, daga nan ya fasa tafiyar ya dawo gida. Wato ɓacin ran da ya fara a waƙa ya ƙare a littafin dokokin mulki. Abin da ya soka a baiti, shi ya zo ya shimfiɗa wa ƙa'ida a zube. Wannan adawa ce, amma adawar ɗan gida wanda bai yarda gidan ya rushe ba.

Wani kuskure da ya kamata a kauce masa shi ne jingina wannan waƙa ga abin da ya faru a 1817. A shekarar ne Shehu ya rasu, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, kuma ruwayar da ta shahara ta ce da Abdullahi ya iso Sakkwato daga Boɗinga ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Littafin ya riga wannan lamari da shekara huɗu, waƙar kuwa da shekara goma, don haka ba za ta zama kukan wanda ya rasa gadon sarauta ba. Amfaninta a nan shi ne ta nuna halin mutumin tun kafin jarrabawar ta zo. A 1817 ma abin da ya yi a 1807 ya maimaita: ya janye jikinsa, ya koma Gwandu, bai yi mubaya'a ba, bai kuma tara runduna ba. Sai wajen 1820, da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka sadu ya amince da shi a matsayin Sarkin Musulmi. Shekarun da ke tsakani ba na yarda ba ne, kuma ba na yaƙi ba ne.

Babban giɓin littafin ta fuskar wannan jigo shi ne Kabawa. Marubucin ya ga ɓacin ransa sarai, amma cin Birnin Kabi a wurinsa nasara ce da ta cancanci godiya, kuma ba a jin muryar waɗanda aka ci. Ba laifi ba ne ga wanda ya jagoranci yaƙin, amma laifi ne ga manazarcin da zai ɗauki littafin a matsayin madubin dukkan ƙasar Gulbin Kabi. A wajen Argungu amsar tambayar ta bambanta. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka kai ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya zauna can shekaru masu yawa a hannun waɗanda suka ci ƙasar ubansa. Idan haƙuri ake nema, nasa ya fi na Abdullahi tsawo. Amma a 1849 ya yi tawaye, ya kafa mulkinsa a Argungu, ya rasa ransa a fagen fama a 1854, magadansa kuma suka ci gaba har aka ƙulla Lafiyar Toga a 1867. Bambancin mutanen biyu ba na zuciya ba ne, na matsayi ne. Abdullahi yana da alƙalami da masu karanta shi a cikin fada, kuma ya yarda da tushen da aka gina daular a kai. Nabame ba shi da ƙofar da zai kai kukansa, don hukuncin da ya ɓata masa rai shi ne samuwar daular a kan ƙasarsa. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa kamun kifin da ya zama bikin da aka sani a yau.

Tambayar ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba, kuma ta sake tasowa a cikin zuriyar marubucin kansa. A 2005 gwamnatin Jihar Kebbi ƙarƙashin Gwamna Adamu Aliero ta sauke Sarkin Gwandu Al-Mustapha Haruna Jokolo daga gadon sarauta a Birnin Kebbi, aka naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar. Jokolo ya bi hanyar kotu. Babbar Kotun jiha ta ba shi gaskiya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2016, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa dalilin cewa bai fara miƙa kokensa ga gwamna ba kafin ya shigar da ƙara, kamar yadda dokar sarautu ta tanada.