Wazirin da Ba a Saurara Ba: Nazarin Fim ɗin Mister Johnson Daga Haɗejiya

Ina aji uku a jami'a na fara kallon Mister Johnson, a wani darasi kan adabin zamanin mulkin mallaka. Malaminmu ya sa muka karanta littafin Joyce Cary na 1939 tukuna, sannan ya kunna mana fim ɗin da Bruce Beresford, ɗan ƙasar Ostareliya, ya shirya daga littafin a 1990. Ƙasar ce ta fara kama idona: jar ƙura, duwatsu, bukkoki da hasken rani irin wanda na sani tun ina yaro. A Toro ta jihar Bauchi aka ɗauki fim ɗin, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganin Arewa a fim ɗin da Pierce Brosnan ya fito a cikinsa. Sai da na koma hutu Haɗejiya, na sake kallonsa ni kaɗai, wannan daɗi ya fara yi mini tsami.

Labarin ya faru ne a 1923, a wani gari na ƙirƙira mai suna Fada. Johnson akawu ne ɗan Kudu wanda ya ɗauki kansa Bature, har yana kiran Ingila gida alhali bai taɓa taka ta ba. Maigidansa, Harry Rudbeck, jami'in mulki ne da ba shi da buri sai gina hanyar mota da za ta haɗa Fada da babban titin Kano. Da kuɗin aiki suka ƙare, Johnson ne ya nuna masa yadda ake murɗa lissafi. Da asiri ya tonu, Johnson aka kora. Daga baya ya kashe Gollup, Baturen kanti, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa, shi kuwa ya harbe shi.

Dole a ba fim ɗin haƙƙinsa. Maynard Eziashi, wanda ya fito a Johnson, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Berlin a 1991, kuma ya cancanta. Ya ɗauki mutumin da Chinua Achebe ya ƙi jini tun yana ɗalibi a Ibadan, wanda a littafin ya fi kama da wawan sarki, ya sa masa wayo da tsoro da kunya. A fitowa ta ƙarshe, inda Johnson yake lallashin wanda zai kashe shi, fim ɗin ya faɗi abin da Cary ya yi ta kewaye-kewaye a kansa, wato laifi ɗaya suka yi su biyu, ɗaya ya ci gaba da aiki, ɗaya ya mutu. Beresford ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin ya yi aikin tace fim a Enugu a shekarun 1960, marubucin fim ɗin William Boyd kuma a Afirka ta Yamma ya tashi. Ana ganin wannan sani a yadda suka fallasa munafuncin ofishin mulkin mallaka.

To amma ƙasar wa aka gina hanyar a kanta? Nan ne ƙorafina yake. Johnson baƙo ne a Fada, Rudbeck baƙo ne, Gollup baƙo ne. Su ukun fim ɗin ya ba zuciya da tarihi. 'Yan ƙasa kuwa, sai dai a gan su a taro: suna sarar daji, suna ɗaukar kwando, suna rawa ga kiɗan da Johnson ya shirya don aiki ya yi sauri. Mutum ɗaya daga cikinsu da ya fito fili yana adawa da hanyar shi ne Waziri, an kuma zana shi a matsayin makirin fada, mai sayen asirin ofis da cin hanci, mai tsoron kada kasuwa ta buɗe ikon ubangidansa ya ragu. Mai kallo a Landan zai fahimce shi nan take: ga tsohon azzalumi yana tare wa ci gaba hanya.

Ɗan Haɗejiya ba zai iya kallonsa haka ba. A watan Afrilu na 1906 rundunar Turawa ta taso daga Kano ta auka wa garinmu, aka kashe Sarki Muhammadu, wanda har yau muke kira Mai Shahada, tare da ɗimbin jama'arsa. Shekara uku kafin nan Kano da Sakkwato suka faɗi. Tsakanin 1906 da 1923 shekara 17 ce kacal. Ashe duk wazirin da ke zaune a wata fada ta Arewa a 1923 da idonsa ya ga zuwan bindiga mai ruwa, ko ya binne wanda ta kashe. In irin wannan mutum ya ce yana tsoron hanya, ya san abin da hanya take kawowa: soja, da mai karɓar haraji, da mai ɗibar ƙarti aikin tilas. Ba na wanke sarakuna, don talakan wancan zamani ya sha wuya a hannunsu shi ma. Amma makirci daban, tunawa daban, fim ɗin kuwa ya ba Waziri na farko ya hana shi na biyu. Ko da jimla ɗaya aka sa a bakinsa game da abin da ya gani, da ma'aunin labarin ya sauya.

Mu a ƙasar fadama mun san cewa hanya tana da ra'ayi. Da layin dogo ya miƙa daga Kano ya isa Nguru a 1930, bai shigo birnin Haɗejiya ba, ta Malam Madori ya bi, can kuma kasuwar gyaɗa ta koma. Da aka datse ruwa a Tiga a 1974, sannan a Challawa a 1992, ambaliyar da manomin shinkafa da masunci da makiyayi suke jira kowace damina ta sauya hali, kachalla ta toshe magudanai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da Rudbeck ɗinsa, mutum mai kyakkyawar niyya da taswira a hannu, kuma kowanne yana da wanda ya ce a dakata, aka ɗauke shi maƙiyin ci gaba. Wannan ne ya sa nake ganin kuskuren fim ɗin ya wuce na adabi.

Al'adar ta daɗe. Tun 1926 Geoffrey Barkas ya ɗauki Palaver a tsaunukan Filato, inda rigimar Turawa biyu a kan mace ta zama labari, mutanen wurin suka zama bango. Beresford ya fi shi adalci nesa ba kusa ba, amma kyamarar tana nan tsaye a barandar Bature tana hango gari. Har Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarabawa, wanda ya rasu a 1990 ɗin, ƙaramin matsayi ya samu. Akwai kuma wata kalma a littafin Cary da take ba ni dariya da takaici a lokaci guda, wato yadda ya rubuta zango da wasalin da ba nasa ba. Ya zauna a Borgu, ya ji kalmar da kunnensa, ya san masauki ne na fatake. Abin da ke bayanta, na fatauci da amana tsakanin baƙo da mai masauki, bai shiga littafin ba, bai kuma shiga fim ɗin ba.

Wata rana a Baturiya na ga wasu baƙi da dogayen kyamarori suna jiran tsuntsayen da ke zuwa daga Turai cin rani. Wani masunci ya turo kwalekwalensa cikin hoton, tafinta ya ɗaga masa hannu ya matsa gefe. Ya matsa, ya jira, suka gama, ya koma kan komarsa. Babu wanda ya ci zarafinsa, har godiya aka yi masa da Hausa.

A shekarar da Mister Johnson ya fito, wato 1990, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, da kayan aikin da ba su kama ƙafar na Beresford ba. Daga nan masana'antar fim ɗin Hausa ta taso, ta cika kasuwa da ɗaruruwan fina-finai. Na nemi wanda ya ba da labarin Afrilun 1906 daga cikin ganuwar Haɗejiya, ta bakin wani bafade da ya tsira ya rayu har ya ga jirgin ƙasa a Malam Madori. Har na gama jami'a ban ci karo da shi ba.