HARBA, HARBI, HARBO: Kuskuren da Wasali Ɗaya Ke Jawowa

Yau gyaranmu ya shafi masu fassara labaran yaƙi, musamman in ana maganar makamin nan na kakkaɓo jiragen sama da mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa, irin su Stinger na Amurka da Strela na tsohuwar Tarayyar Sobiyet.

Kuskure na farko: komai aka ɗora a kafaɗa sai ka ji an ce "makami mai linzami". To, mene ne linzami? Ƙarfen da ake sa wa doki a baki don a sarrafa shi. Ke nan makami mai linzami shi ne wanda ke iya sauya hanya bayan an sake shi. Stinger yana bin zafin injin jirgi, jirgin ya karkata shi ma ya karkata, shi ya sa mujahidan Afghanistan suka addabi jirage masu saukar ungulu na Sobiyet da shi tun daga 1986. Amma rokar RPG ba ta da linzami. Inda aka saita ta nan za ta nufa. Ita roka ce kawai.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, kuma a aikatau yake:

An harba makami: an sake shi, ko ya samu ko bai samu ba.
An harbi jirgi: makamin ya same shi.
An harbo jirgi: ya faɗo ƙasa.

Ku duba misali. Ranar 6 ga Afrilu, 1994, an harbo jirgin shugaban Ruwanda Juvenal Habyarimana a kusa da Kigali, duk na ciki suka mutu. Nan "harbo" daidai ne. Amma a Mombasa ta Kenya, a Nuwamban 2002, an harba makamai biyu ne kan jirgin fasinja na Isra'ila, suka kuskure shi, ya sauka lafiya. Wanda ya rubuta "an harbo" a nan, wallahi ya kashe mutane da alƙalami, alhali suna raye.

Ɗalibai, ku riƙe wannan: wasalin "o" na ƙarshen aikatau yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana, kamar faɗo, sauko, jefo. Kafin ka sa shi a kanun labari, tambayi kanka: jirgin ya iso ƙasa kuwa? Wani yana da ɗan'uwa a ciki, kuma kai zai fara karantawa.

Allah ya ƙara mana fahimta.